Giɓin Da Na Ƙi Cikewa

Keziya, saƙonki ya iso, na kuma karanta shi har sau uku, don Turancinku na ƴaƴan Kuala Lumpur sai an bi shi a hankali. Na dai gane abin da kike so. Kafin ranar aurenki in je wurin likita a cike mini giɓin nan na gaba, ko da da haƙorin cire-saka ne na wuni ɗaya, saboda hotuna. Ƙanenki Dauda kuma ya bugo waya yana ta dariya, wai kowa ya san Baba tsoron allura yake yi. To, madalla! Ni da aka ɗinke wa leɓe ina kallon mai ɗinkin, yau ni ne matsoraci. Amma laifina ne. Ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku ba, uwarku kuma da za ta faɗa ta riga mu gidan gaskiya. Don haka wannan babin naku ne ku biyu. Da Hausa na rubuta shi, in ta yi muku nauyi ku nemi mai fassara, ni dai ba zan juya muku ita ba.

Kafin shekarar da zan ba ku labarinta, ni mai busa ƙaho ne na coci. Ba yabon kai ba, daga Kagoro har Kafanchan ba a yin auren da ya amsa sunansa ba a aiko a kira Ishaku ba. Sautina tas yake fita, ba gargada. Ina da wani littafi mai baƙin bango cike da do-re-mi da na rubuta da hannuna, abin da babu a cikinsa kuwa ba na busa shi. Ranar aurenmu ma ni na busa wa uwarku waƙar shigowa, ango guda da ƙaho a baki, tsofaffi suna ta riƙe haɓa. Waƙar nan ita ce abin da uwarku Rifkatu ta fi so a duniya. In na ɓata mata rai ba na ba ta haƙuri da baki. Sai in ɗauko ƙaho in bi waƙar a hankali daga falo, kafin in kai ƙarshe zan ji tana rera ta a kicin, shi ke nan an shirya.

Da girmana na zo ƙasar nan karatun kwamfuta, na zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannena. Muka kama ɗaki biyu a unguwar Wangsa Maju, hawa na goma sha ɗaya. Ke Keziya kina da shekara huɗu, Dauda ba a ma yi zancensa ba. Uwarku tana yi wa ɗalibai ƴan gida kitso, ni kuma ranar Lahadi ina busa a cocinmu na ƴan Najeriya da ke saman wani kanti. Wata Lahadi ina dawowa daga sujada, ruwan nan da kuka sani, mai zuwa da la'asar kamar an yi masa alkawari, ya sauko. Santsi ya kwashe ni a matakalar tashar jirgin ƙasa. Hannu biyu Allah ya ba ni, na sa duka biyun na ɗaga akwatin ƙaho sama, na bar bakina ya gaisa da siminti. Ƙaho ko ƙwarzane bai yi ba. Haƙorina na gaba kuwa, wata baiwar Allah ce ta tsinto mini shi ta miƙo mini a cikin takarda.

Da uwarku ta gan ni a asibiti, ta dubi akwatin, ta dubi bakina, ta ce:

"Baban Keziya, ƙaho ka tare ka bar baki? To da me za ka busa shi?"

Tambayarta ta yi kyau. Da leɓe ya warke na ɗauko ƙahon, abin da ya fito sai da ya sa na waiwaya in ga ko wani ne a bayana. Iska tana zurarewa ta giɓin, sai busa ɗaya ta rabu biyu: ɗaya a ƙasa tana gurnani kamar bunsuru, ɗaya a sama tana fito siriri. Na matse, na karkata baki, na yi addu'a, a banza. Lahadin da na gwada a coci, ƴan zumuntar mata suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Fasto ya ja ni gefe da ladabi ya ce in ɗan huta tukuna. Likitan haƙori kuma ya ce sai ƙashin wurin ya yi ƙwari sannan zai dasa mini sabo, ya rubuta rana a kati, wata huɗu gaba. Ya ce in an dasa, busata za ta dawo yadda take. Uwarku ta manna katin a jikin firji.

Maƙwabta suka fara buga bango, don haka na riƙa fita da tsakar rana in je ƙarƙashin gadar jirgi, bakin babbar kwatar nan ta wajen Taman Melati, in yi ta fama da do-re-mi inda ba wanda zan dama sai hankaki. A nan wani tsoho Ba'indiye ya same ni, siriri, gashinsa fari fat, yana riƙe da ledar abincin da ya yi tapau, wato ya sayo zai tafi da shi gida. Ya tsaya ya ƙura mini ido. Na sauke ƙahon na ce ya yi haƙuri, haɗari na yi. Da Turanci ya amsa, irin nasu mai lah a wutsiya.

"Sake yi."

Na fara waƙar daga farko. Ya girgiza kai.

"Ba waƙar ba lah. Wancan da ya kufce maka."

Na ɗauka ba'a yake yi mini, har raina ya fara ɓaci. Na cika ƙirji na sakar masa shi gaba ɗaya, mummuna yadda yake, don ya ji ya tafi. Wallahi tsohon nan sai ya ajiye ledarsa a ƙasa ya rufe ido.

"Sunana Raju," in ji shi. "Shekara arba'in ina kaɗa ganga a otal-otal. Na ga masu ƙaho da suka yi ta neman murya biyu a busa ɗaya har suka mutu ba su samu ba. Kai ka samu, kana ba mutane haƙuri. Ka zo ranar Asabar ƙarfe uku."

Wurin wani ɗaki ne a saman shagon mamak, irin gidan abincin nan na Indiyawa Musulmi, ba komai cikinsa sai tabarma da fanka da gangunan tsohon, wanda kowa ke kira Ankul Raju. Akwai wata mata ƴar Chana, Mei, mai kaɗa babban gogen nan da ya fi mutum tsawo. Abin da suke yi shi ne firi jaz, wato jaz marar linzami, ba takarda, ba waƙar da aka shirya. Ni ko sunan ban taɓa ji ba. Na cire takalmi, na zauna, na buɗe baƙin littafina a cinya, na tambaya wace waƙa za mu fara da ita. Mei ta yi dariya har da dafa bango. Ankul bai yi ba. Ya tashi ya buɗe tagogi duka, ya dawo ya zauna, ya ce a nan ba mai taɓa kayan kiɗa sai jirgi ya wuce sau biyu.

Muka yi shiru. Da farko ba abin da nake ji sai cikina da ke ƙugi. Can sai kunnena ya fara buɗewa. Na ji fanka tana da ɗan ɗingishi, duk juyi na uku sai ta ce ƙis. Na ji mai suyar roti, gurasar nan tasu, a ƙasa yana buga ƙarfensa a kan faranti, na ji ruwan kwandishan na ɗiga a kan kwano, hankaki biyu suna musu, wata mata tana kiran ɗanta daga nesa. Jirgi ya wuce, ginin ya yi rawa a ƙarƙashin ƙafata. Wata nawa ina cikin garin nan, ashe ban taɓa jin sa ba. Da jirgi na biyu ya wuce, Ankul ya sa yatsa ɗaya a kan fata ya amsa wa mai roti. Mei ta ja wani dogon sauti daga can ƙasa, daidai inda jirgin ya bar rawarsa. Ba waƙa ba ce, amma kowane abu yana da wurin zamansa, kamar hirar tsofaffi a gindin bishiya, wannan ya faɗa, wancan ya karɓa, wani ya yi shiru kuma shirun nasa ma magana ce.

Suka bar mini gurbi, na ji sarai sun bar mini. Tsoro ya kama ni, na yi abin da na saba, na kama wata waƙar coci na fara bi. Ankul ya ɗora tafin hannu a kan ganga, komai ya tsaya.

"Dokarmu ɗaya ce," in ji shi. "Wanda ya busa abin da ya riga ya sani, shi ke sauka ya kawo shayi."

Asabar huɗu a jere ni ne ɗan aiken shayi. Har mai shagon ya san ni, da ya hango ƙafata a matakala sai ya fara haɗa te tarik, shayinsu mai madara, kofi uku yana murmushi. Ni Ishaku, da ake aiko mota a ɗauka! Na yi fushi, na rantse ba zan koma ba, Asabar na zagayowa sai in ga ƙafata ta kai ni. A ta biyar na bar littafin a gida. Da gurbina ya zo na rufe ido na bar iskar ta bi inda take so. Muryar ƙasa ta fito, ta sama ta hau kanta, sai na gane in na ɗan motsa harshe zan iya sa su kusanci juna, su yi karo, su rabu. Mei ta bi ta ƙasan, Ankul ya bi ta saman. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Kiran sallar la'asar ne ya tsayar da mu, don al'adarsu ce in ladan ya fara kowa ya sauke hannu, ko da yake ba Musulmi ko ɗaya a ɗakin. Na sauke ƙahon na zauna. Shekara talatin ina busa, ran nan ne na fara jin tsoron ƙaho, irin tsoron da mutum ke ji in ya tsaya gaban dutsen Kagoro ya ɗaga kai. Da ladan ya gama, Ankul ya miƙe da kansa ya sauka ya kawo shayi.

A gida kuwa labari ya sha bamban. Na gwada wa uwarku abin da na koyo, ta toshe kunne.

"Gwano ba ya jin warin jikinsa," ta ce. "Kai yanzu wannan kake kira kiɗa? A coci ana cewa faɗuwar nan ta taɓa maka kai."

Na ce mata gaskiya ina tunanin barin giɓin yadda yake, don in aka dasa haƙori murya biyun nan sun tafi ke nan. Tana tsakiyar wanke shinkafa, ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Waƙata fa?"

Da wannan bakin ba zan iya bin waƙarta ko layi ɗaya ba tare da ta fashe ba. Ko dai in cike giɓi in mayar mata da waƙarta, ko in bar shi in riƙe abin da na samu. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma saɓanin da muka yi a watan nan ba mu taɓa yin irinsa ba.

Ana cikin haka aka bugo daga gida cewa Mama, kakarku ta wajen uwa, ta rasu. Fasfonmu duka yana ofis ana sabunta biza, ba yadda za a yi a fito da shi. Na yi sintiri, na roƙa, aka ce sai an gama. A waya Rifkatu ta ji an binne uwarta. Ta ajiye wayar, ta koma ta ƙarasa kitson da take yi. Mako uku ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Tana dafa abinci ba ta ci, tana amsa gaisuwar masu ta'aziyya kamar mai karanta takarda. Ta rame har zobenta yana juyawa a yatsa. Wata ranar na rasa yadda zan yi, na ɗauko ƙaho a falo na fara waƙarta. A sauti na huɗu ta tsage. Na ji an tura ƙofar kicin a hankali an rufe. Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Na je bakin ƙofar na ce:

"Maman Keziya, zan je a dasa. Na yi miki alkawari."

Ranar da ke kan katin Asabar ce, ƙarfe biyar. Na roƙe ta in fara biyawa in yi wa su Ankul sallama. Ta ce ta san halina, in na hau benen nan mantawa zan yi, don haka da kanta za ta zo ta ɗauke ni. Ta bar ki a wurin maƙwabciya.

Na faɗa wa Ankul wannan ce ta ƙarshe. Bai roƙe ni ba, ya dai ce, "Boleh, ba komai. Bakinka ne." Ya buɗe tagogi. Jirgi ya wuce sau biyu. Da na ɗaga ƙaho, niyyata in yi ban kwana da sautin ne kawai, amma sai Mama ta faɗo mini a rai, yadda take ce mini mai tada maƙwabta, yadda take ɓoye mini ƙosai a gefen zane. Kun san a garin uwarku in tsohuwa ta rasu, mata ba kuka kaɗai suke yi ba. Wasu na kuka, wasu na rangaɗa guɗa a lokaci guda, don an yi rashi kuma an yi tsawon rai. Ban shirya ba, ban yi tunani ba, Allah ne shaidata. Muryar ƙasa ta zama kukan, ta sama ta zama guɗar, duka biyun daga baki ɗaya.

Sai na ji murya ta uku a bayana. Ban san ta hawo ba. Tana tsaye a bakin ƙofa, takalminta a hannu, ta buɗe baki tana kiran uwarta da yarensu. Na so in tsaya, Ankul ya harare ni ya girgiza kai. Ya sassauta hannu ya bi numfashinta, in ta ja ya jira, in ta saki ya karɓa. Mei, da ba ta san ko kalma ɗaya ta abin da ake faɗa ba, ta sa gogenta a ƙarƙashin kukan kamar mai tallafe mutum kada ya faɗi, hawaye na bin fuskarta. Uwarku ta durƙusa a kan tabarma ta yi ta yi. Can ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa, irin wadda ban ji ba tun barinmu gida, ƙahona ya hau tare da ita. Har mai roti a ƙasa ya daina buga ƙarfensa. Mu huɗu muka yi wa Mama jana'iza a saman shagon mamak, biyu daga cikinmu ba su taɓa ganin ta ba. Na busa a wurare da yawa bayan wannan, amma in aka tambaye ni ranar da na ga ikon Allah da idona, wannan ranar nake faɗa.

Ladan ya kira la'asar, muka sauke hannu. Rifkatu ta share fuska da gefen mayafi, ta gaishe da Ankul har ƙasa kamar yadda ake gaida suruki, ta juya ta fita. Na bi ta da sauri, don lokacin likita ya matso. A tsakiyar matakala ta tsaya, ta ciro katin daga jaka, ta yaga shi biyu, ta sake yagawa.

"Kada ka ɗauka na ce yana da daɗi," ta ce. "Hayaniya ce har gobe. Amma bakin nan ya kai ni gida ba fasfo. Kada ka kuskura ka bari wani ya toshe shi."

"Waƙarki fa?"

"Na ji ta ranar aurena. Ta ishe ni. Muje, yunwa nake ji."

Ta zauna a shagon ta cinye roti biyu da miya, ina kallon ta.

Sauran kun san shi, ko kun san rabinsa. Ban sake tsayawa gaban coci da ƙaho ba, wasu kuma har yau kallon taɓaɓɓe suke yi mini. Karatun na gama shi da kyar. Muka yi ta busa da su Ankul a ƙananan ɗakuna, daga baya aka fara kiran mu Penang, aka kira mu Jakarta, har ƙasashen da sai na sa riga uku. Wata ranar mutum goma ne a gabanmu, wata ranar zaure ya cika. Ankul ya rasu, ni ne yanzu mai buɗe tagogi ranar Asabar, ni ke tura matasa kawo shayi. Duk wannan kun gani a hotunan da ke falo. Abin da ba ku gani ba shi ne abin da uwarku ta bayar. Ba ta sake hawa benen nan ba, ba ta taɓa zuwa kallona ba ko sau ɗaya. Shekara goma sha tara ta yi bayan nan ba ta sake jin waƙarta daga bakina ba. In na ɓata mata rai, dole in je in tsaya a ƙofar kicin in ce yi haƙuri kamar kowane namiji, ita kuma ta ja mini rai son ranta. A asibiti, kwana biyu kafin ta tafi, ita ta rera waƙar da kanta, muryarta ƙasa-ƙasa, ni ina riƙe da hannunta ba abin da zan iya taya ta da shi. Na ce mata da na sani da na dasa. Ta buɗe ido ta harare ni, ta ce in rufe mata baki.

To Keziya, kin ji. Ba rowa ba ce, ba kuma tsoron allura ba ne, ki faɗa wa ƙanenki. Ba zan iya busa miki waƙar shigowa ba, ki nemi wani yaro mai cikakken baki ya yi, ba zan ji haushi ba. Zan sa babbar rigar da kika zaɓa, zan riƙe hannunki har gaban fasto. Amma haƙori ko na minti ɗaya ba zan sa ba, kuma in mai hoto ya ce a yi murmushi, baki zan buɗe gaba ɗaya. In dangin mijinki suka tambaye ki me ya sa ba a gyara wa tsohon nan bakinsa ba, ki ce musu giɓin nan wurin uwarki ne a hoton.